Waƙar Sawun Kaza

Tsoro ne ya sa maigidana ya faɗi ƙaryar da na koya masa a gaban likitan ido, ko kuwa ya san za a kama shi, ya ƙyale a kama shi don ya huta? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa ina juya tambayar nan kamar waina, ta ƙi nuna. Lokacin da yake da rai kunya ta hana ni tambayarsa. Yanzu kunyar ta tafi, shi ma ya tafi.

Ni ban yi lekol ba, wato makarantar boko, 'yata ce ke rubuta min. Na ce mata kada ta gyara ni, kada kuma ta wanke ni. In ta ji na yi shiru ta jira, kuka ne, yana wucewa.

Daga Damagaram muka zo Arlit, ina da goyon fari. Malam, haka nake kiran maigidana, ya samu aikin tuƙi a kamfanin haƙar uraniyum. Irin kamyon nan na cikin rami yake tuƙawa, wanda tayarsa ta fi mutum tsawo, sai da tsani ake hawansa. Kamfani ya ba mu gida a site, unguwar ma'aikata: ɗaki biyu da falo, famfo a tsakar gida, wuta ba ta yankewa. Na samu firigo, ina ƙulla ƙanƙara ina sayarwa. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane darajar famfo a tsakar gida ba. Yara bakwai na wanke a bakin famfon nan. Sai dai kowa ya san ƙa'ida: gida yana bin aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, mabuɗi ya daina zama naka, sai ka kwashi kayanka ka nufi bukkoki, inda ake yin katanga da fasasshen tano, wato gangar ƙarfe, ana sayen ruwa a jarkar da ake ce wa bido.

Malam mutum ne mai gaskiyar da har takan ba ni haushi. Kowane ma'aikaci yana dawowa gida da ɗan ƙarfe, ko guntun waya, ko tsohon buhu. Shi ko ƙusa bai taɓa shigowa da ita ba. Wata rana mai kula da magazen, ɗakin ajiyar kaya, ya yi kuskure ya ba shi takalmin aiki ƙafa biyu maimakon ɗaya. Na riga na auna wa babban ɗanmu, ya yi masa cif. Malam ya cire shi daga ƙafar yaron, ya taka da rana tsaka ya mayar. Kwana biyu ban sa masa yaji a miya ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabcinmu, wani Ba'adare daga wajen Tawa, shi ma direban kamyo. Katangar iya ƙirjina take. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kar ɗaya, motar ma'aikata, ke kwasarsu da safe. Shekara ashirin da wani abu suna zagin juna suna cin tuwo a kwano ɗaya. Shi yana ce wa Malam "Badamagare mai tsoron yaji", Malam yana ce masa "ɗan albasa". Matarsa kuwa Yaya take ce min. Ta kan katangar nan gishiri ke wucewa, da garwashi, da labarin duk unguwa.

Ni na fara lura idon Malam ya soma tafiya. Ya zuba gishiri a shayi ya ce sukarin bana ba shi da kirki. Wata la'asar na shanya babbar rigarsa a igiya, ya shigo daga masallaci, ya tsaya ya rusuna, ya ce, "Barka da zuwa, Liman, ba a ba ka tabarma ba?" Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na ga shi bai yi dariya ba, tawa ta tsaya.

Na ce, "Malam, to a wurin aiki fa?"

Ya ce, "Ɗan albasa ne ke gaba. Fitilar bayansa nake bi."

Ashe kusan shekara guda ke nan. Ba'adare ya gane tun kafin ni, bai ce wa kowa komai ba, ko matarsa. Kullum sai ya san yadda ya yi kamyonsa ya shiga gaban na Malam, in an zo kwana ya taka birki sau biyu.

Ana nan sai kasuwar uraniyum ta faɗi, aka ce za a rage ma'aikata. Shef ɗinsu, shugabansu a wurin aiki, ya tara su ya ce cikin tsofaffin direbobi biyu na ƙungiyarsu, Malam da Ba'adare, ɗaya za a bari, kuma ba shi zai zaɓa ba, bizit ce za ta zaɓa, wato gwajin lafiya na shekara. A da bizit ba komai ba ce. Wani tsohon majo, ma'aikacin jinya, shi ke ɗaga yatsu ya ce nawa ne, in ka yi jinkiri ya motsa leɓe ya taimake ka. To an kawo sabon likita, an gyara sabon ɗaki, an kafa sabon allo. Magana ta bazu a site cewa wanda ya fi sauka ƙasa a allon nan shi zai tsaya. Ban san wanda ya fara faɗa ba. A site magana ba ta da uba.

Daga ranar gishiri ya daina wucewa ta kan katanga. Ana gaisawa, amma irin gaisuwar surukai. Ni tunanina ɗaya: mutumin nan ya san sirrinmu, kalma ɗaya zai faɗa wa shef, mu kwashe kaya. In na buɗe famfo sai in tsaya ina kallon ruwa kamar ina sallama da shi.

Malam ya ce, "Zan je in gaya musu gaskiya."

Na ce, "Gaskiyar za ta ba mu ɗaki? Uku suna lekol, auta ko yaye ba ta daɗe da yi ba. Ka mayar da takalmi na yi shiru. Gida za ka mayar yanzu?"

Ya ce, "Uwar yara, me kike so in yi? In ari ido?"

Na ce, "Nawa za ka ara."

Allah ya ba ni abu biyu, ido da riƙo. Ina iya hango ƙwarƙwata a kan yaron maƙwabta, waƙa kuwa in na ji sau ɗaya ta zauna. Iyalin ma'aikata suna da damar zuwa asibitin kamfani, don haka washegari na murza idona da gefen zane har ya yi ja, na je na ce ƙaiƙayi. Aka ce in zauna a benci. Na zaɓi bencin da ke kallon ɗakin gwajin ido. Da safe ana barin ƙofar a buɗe don shara, ba kowa a ciki. Ga allon a bango, fari, da wuta a cikinsa, ga kujera a ƙarƙashinsa, wadda na ɗauka ta likita ce.

Na yi ta fargabar boko zan tarar. Ashe ba boko ba ne. An yi allon ne don irinmu. Alama ɗaya ce mai yatsu uku, kamar sawun kaza, ana ta maimaita ta: nan yatsun sun kalli sama, nan ƙasa, nan dama, nan hagu. Ta sama girmanta ya kai faranti, suna ƙanƙancewa har na ƙarshe su zama kamar ƙwayar gero. Wata mata a benci ta ce min ba a ma magana, da hannu ake nunawa. Na ce a raina, wannan ai aikina ne.

Kwana uku na yi ina zuwa. Kowace rana sabon majo, wani dogo marar dariya, sai ya ɗiga min wani magani mai zafi kamar barkono, in dawo gida ina lalube. Ido lafiyayye na kai, na kusa dawowa da makafi biyu a gida ɗaya. Rana ta uku ya ce, "Inna, ƙaiƙayin nan naki ya ƙi ji, gobe likita zai duba ki da kansa." Na ce Allah ya kai mu. Na riga na gama haddace layi tara.

Sai koyarwa. Kan Malam yana riƙe hanya, ba ya riƙe jeri. In na ce sama, dama, dama, ƙasa, kafin ya kai ta uku ya ɓata. Na jera masa cokula a tabarma, ya ce ba ya ganinsu, abin da na manta ke nan. Daga ƙarshe na zuba abin a waƙar daka. In ya dawo aiki da la'asar ya zauna a inuwa, ni ina kan turmi:

Kaza ta yi dama,
ta yi sama, ta yi hagu,
ta yi ƙasa, ta yi dama, ta koma sama.

Kowane layi da baitinsa, kowane bugun taɓarya da alamarsa. Shi kuma yana bi da yatsu uku, yana juya hannu kamar mai korar ƙuda. Ranar farko yana yi yana istigfari. Rana ta biyu istigfarin ya ragu. Rana ta huɗu shi ke tuna min, "Uwar yara, ba a yin daka yau?" Har gyara ni ya fara yi. Mutumin takalmi ke nan.

Ba mu yi sati ba na ji taɓarya tana amsawa daga bayan katanga. Bugu ɗaya da nawa. In na tsaya ta tsaya. Matar Ba'adare, wadda duk site an san injin niƙa take kai hatsinta, ta zama mai daka kullum la'asar. Na leƙa ta kan katanga kamar ina neman kazata, na ga mijinta zaune a kan bido yana juya yatsu uku. Yana ganina ya mayar da hannun yana sosa kai.

Na ce, "Ƙanwata, daka ake yi haka?"

Ta ce, "Wallahi Yaya, hurar inji ba ta da daɗi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na sha barkono a ido kwana uku, wasu su zo su kwashi abin a banza? Ban tsaya na tuna ni ma satowa na yi ba. Ɓarawo ya fi kowa jin zafin a yi masa sata. Sai na ƙulla dabara: da ƙarfi zan rera ta ƙarya, in rikita baiti na huɗu da na shida, ta gaskiyar kuma in raɗa wa Malam a ɗaki. Washegari na ɗaga murya na rera gurɓatacciya. Taɓaryar bayan katanga ta bi ni, ta bi ni, sai ta tsaya cak. Can sai ga kanta ya leƙo.

Ta ce, "Yaya, waƙag ga taki ta jiya ta hi daɗi. Yau kin ɓata baiti na huɗu. Ƙasa kaza ta hwara yi, ba sama ba."

Na ce, "Waƙar daka ce, kowa da yadda yake yin tasa."

Ta ce, "Haka ne. Mu dai ta jiya munka saba da ita."

Malam yana inuwa yana jinmu, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya ya ce kada in ƙara, don shi ma na rikita shi. Haka muka ci gaba, gida biyu, waƙa ɗaya, ba wanda ya taɓa ambaton allo. Garin da muka daka a satin nan ya isa suna biyu.

Abin da nake so a rubuta shi ne, duk kwanakin nan ban ji ina yin ƙarya ba. Ji nake ina aiki, kamar wanki ko surfe. Ina sallata, ina roƙon Allah ya ba mu sa'a, ban ga wani karo tsakanin biyun ba. In zuciyata ta ɗan motsa sai in ce ai su ma suna yi, in mun bari mu ne wawaye. Daga baya matar Ba'adare ta gaya min ita ma abin da take ce wa kanta ke nan, kalma da kalma.

Ranar bizit na kasa zama a gida. Na sake murza ido na tafi. A bencina na tarar da matar Ba'adare, ta ɗaure kai da ɗankwali wai ciwon kai. Na zauna kusa da ita, na yi mata sannu, ta yi min sannu. Maza suna can ƙarshen baranda a nasu bencin, ana kiransu ɗaya ɗaya. An bar ƙofa a buɗe saboda zafi.

Ba'adare aka fara kira. Ya shiga yana taku kamar ɗan kokowa. Majo ya nuna masa kujera, wadda ke ƙarƙashin allo, wadda na ce ta likita ce. Ya zauna, allo yana bayan ƙeyarsa. Na ce yanzu za a juya shi. Ba a juya shi ba. Na miƙe kamar zan gyara zane, na matsa na leƙa ɓangaren ɗakin da ba a gani daga benci. Wani ƙaton madubi ne a bango. Ɗakin gajere ne, shi ya sa ake kallon allon ta madubi don nisa ya cika.

Ni da na shekara arba'in ina sa kwalli na san halin madubi. Sama tana nan sama, ƙasa tana nan ƙasa, amma damarka ita ce hagunsa. Duk kazar da na ce ta yi dama, a madubi hagu ta nufa.

Majo ya ɗauki sanda ya fara nuni, daga ɓangaren ƙofa, inda ni ma na fara haddata, don haka jerin ya zo daidai. Ba'adare ya ɗan yi jim, ya ɗaga yatsu uku ya nuna dama. Majo ya kalle shi. Ba'adare ya ci gaba: sama, daidai. Hagu, kuskure. Ƙasa, daidai. Haka har layi na tara, bai ko numfasa ba. Likitan, wani matashi mai sanyin magana, ya ajiye alƙalami ya tallafe haɓa. Matar Ba'adare tana ta gyaɗa kai a gefena tana bin waƙar da leɓe, tana jin daɗi mijinta bai ɓata ko baiti ɗaya ba.

Na juya wajen bencin maza. Ga Malam can, hula a gwiwa. Na ɗaga hannuwana biyu na gicciya su, na nuna dama na kaɗa kai, na nuna hagu na gyaɗa kai. Na yi, na sake yi, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko iska gare ni. Duk mazan bencin suna kallona, ban da mutum ɗaya. Mutumin da ya gaishe da riga a igiya nake yi wa ishara daga taku talatin.

Aka ce Ba'adare ya jira a gefe, aka kira Malam.

Nan ne tambayata take. Alamar farko, na gaya muku, girman faranti ce. Wannan Malam yana ganinta, na sani, don yana ganin farantin tuwo. Majo ya ɗora sanda. Malam ya kalli madubi. Ya daɗe. Ya karkata kai, ya sake kallo. Na ga hannunsa ya ɗan taso ya nufi hagu, inda kazar take a idonsa. Sai ya tsaya. Ya sauke numfashi, ya juya hannun, ya nuna dama, yadda waƙata ta ce.

Daga nan ya zuba. Ƙafarsa tana buga ƙasa kamar taɓarya. A layi na shida majo ya sauke sandarsa don ya ga abin da zai faru, Malam bai sani ba, ya wuce na bakwai, na takwas, na tara, ya gama ya ɗora hannu a gwiwa.

Likita ya kira Ba'adare ya tsayar da su tare. Ya ce, "Baba, ku biyu kun ba ni mamaki. Layin ƙarshen nan ni da tabarau ba na ganinsa sosai. Ku kun ga duk na sama da na ƙasa, kun kuma ɓata duk na gefe, wuri ɗaya, iri ɗaya. Wa ya koya muku?"

Malam ya ce, "Ni na koya wa kaina." Ƙarya ta biyu ke nan, ita kuwa ba ni na koya masa ba.

Ba'adare ya ce, "Ni ta katanga na jiyo."

Majo ya leƙo baranda, idonsa ya faɗa kaina. Ya ce, "Likita, ga mai ƙaiƙayin nan ta dawo." Da ƙasa ta tsage da na shige.

Likita bai yi faɗa ba. Ya ciro wani kati mai sawun kaza ɗaya, ya koma nesa, yana juya shi da hannunsa yadda ya ga dama. Ba'adare ya faɗi duka daidai. Aka kawo ƙarami, daidai. Aka kawo wanda ya fi shi ƙanƙanta, daidai.

Likita ya ce, "Baba, idonka ya fi nawa. Kana ganin allon ɗazu?"

"Sarai nika ganinai."

"To me ya sa ka nuna akasinsa?"

Ba'adare ya sosa ƙeya ya ce, "Likita, na ga kaza ta yi hagu. Sai na ce waɗanda sunka sha wahalar samo amsa sun hi ni sani. Na ce wata dabara ce ta kamfani."

Mutumin da da ya shiga da idonsa kawai ya ci gwajin tun a layin farko, ya kwana goma yana haddace hanyar faɗuwa. Matarsa ta cire ɗankwalin ciwon kai ta rufe baki da shi.

Sai aka zo kan Malam. Babban kati ya gani. Na biyu ya yi ƙoƙari. Na uku ya ce, "Ɗana, ban ga ko hannunka ba." Likita ya haska masa fitila ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun. Ya ce, "Baba, da wannan idon kake hawa kamyo? Akwai mutane a ƙasa a cikin ramin nan."

Malam ya nuna Ba'adare ya ce, "Da idon wannan nake hawa."

Ni kuma sai a lokacin, wallahi sai a lokacin, na tuna akwai mutane a ƙasa. Kwana goma ina lissafin famfo da firigo, ban taɓa tuna 'ya'yan wasu da ke tafiya a gindin tayar nan ba. Shi kuwa kullum da su yake kwana yake tashi.

Likita ya rubuta abin da ya gani a ido, bai rubuta waƙa ba. Allah ya saka masa. Da za mu fita ya ce min, "Inna, ki daina murza idon nan, kyauta ce Allah ya ba ki."

Muka kamo hanya mu huɗu, da muka kai kwanar site Ba'adare ya ce, "Badamagare, yau wa za ya shiga gaba?" Malam ya ce, "Matsa can, ɗan albasa, kai da aka ba ka ido ka je aron makanta." Suka yi ta dariya a tsakiyar titi. Ni ina kuka.

Ranar nan Malam ya ci tuwo malmala uku, ya kwanta bayan azahar, ya yi barcin da na shekara ban ga ya yi ba, har la'asar ta kusa kufce masa. Na zauna ina kallonsa. Mutumin da ya rasa aiki da gida ba haka yake barci ba. Tun ranar nake zargin ya ga kazar nan sarai, ya kuma gane an juya, ya zaɓi ya bi waƙata har ƙarshe don a kama shi ba tare da ya saɓa min ba. Wata rana kuma sai in ce a'a, tsoro ne kawai, irin na Ba'adare, wanda ke sa mutum ya ƙaryata idonsa. In na farko ne, ya fi ni wayo. In na biyu ne, ni na lalata shi. Ban san wanda na fi so ya zama ba.

Bayan wata uku muka miƙa mabuɗi. Ba'adare ne ya aro mota ya kwashe mana kaya zuwa bukkoki. Firigo na sayar, ba wutar da zan sa shi. Ranar farko da na sayi ruwa a bido na yi kuka kamar an yi mutuwa. Kullum da yamma sai ga matar Ba'adare da ƙullin ƙanƙara a zane, tana cewa ta yi musu yawa. An yi wa Malam aikin ido ɗaya a Agadas, ya dawo yana ganin fuskata, ya ce ashe na tsufa ba a gaya masa ba. Ya samu gadi a wani garejin manyan motoci masu zuwa Asamaka. Shekara biyu bayan haka ragin ya kai kan Ba'adare shi ma, suka zo suka kafa kusa da mu, katangar tano a tsakani. Abin da muka kusa ɓata zumuncin shekara ashirin a kansa, shekara biyu ya ƙara yi.

Malam bai taɓa ce min ke kika jawo ba. Tsokana kawai. In na ce tulun yana damarka, sai ya miƙa hannun hagu. In baƙo ya tambayi hanya na fara kwatance, sai ya ce, "Bawan Allah, duk inda ta ce maka, ka bi ɗaya gefen." Jikokinmu sun tashi suna rera waƙar kaza a wasa, ba su san asalinta ba. Yanzu in na ji ta a bakinsu sai in shiga ɗaki.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Malam, wata biyu. Ba'adare yana zuwa kullum ya zauna a bakin ƙofa yana zaginsa don ya tashi, in ya fita ya tsaya bayan katanga yana share ido. Ranar ƙarshe, da hantsi, na ga numfashinsa ya canza. Na aika a kira manyan yara. Kafin su iso na ce bari in gyara masa kwanciya, in juya shi kan damarsa ya fuskanci alƙibla. Ya yi nauyi duk da ramar, ina ja ina kuka, hawayena yana zuba a wuyansa. Na ɗauka ya daina jin komai. Sai ya buɗe idon nan ɗaya da aka gyara, ya ɗaga yatsu uku da ƙyar. Bayan abin da ya faɗa min a nan bai sake magana da ni ba, sauran maganarsa da Ubangijinsa ya yi ta.

Ya ce, "Uwar yara, duba da kyau. Damar gaske ce wannan, ko ta madubi?"